Kakar da Ɓera Ya Cinye

Ɓera ne ya cinye kakar Sarki Nasayu, kuma bai tashi wannan aika-aika ba sai da ya rage kwana tara a kai littafin asalin gidan zuwa Yutakawa neman aure.

Tsoho Kimawu mai zane shi ya fara gani. Ya ɗauko littafin daga ɗakin bauta don ya sha iska, ya kwance ƙyallen audugar da aka naɗe shi a ciki, ya shiga buɗe fatar barewar ninki bayan ninki. Kakanni suka yi ta fitowa biyu-biyu, miji da mata suna fuskantar juna a kan tabarma, kowa da sunansa da tambarin garinsu a gefe. Da ya kai ninki na goma sha ɗaya sai ya hango ƙasa ta cikin littafi. Rami ne mai faɗin tafin hannu, bakinsa duk sawun haƙori. Kakan sarki yana nan daram da hular gashin tsuntsunsa, ya miƙa hannu wajen matar da babu ita. Sunanta ya tafi, tambarin garinsu ya tafi, ba abin da ya rage sai yatsun ƙafarta guda biyu.

A nan duwatsunmu ba a hawa tabarmar sarauta da ƙarfin damtse. Sai ubanka ya zauna a kanta, uwarka ma ta fito daga gidan da ake zama a kanta, haka nan baya-baya har a dangana da itacen da sarakunan farko suka fito daga cikinsa. Shi ya sa in sarki zai auri sarauniya ake shimfiɗa littattafan gidajen biyu a gaban dattawa, masu zane su bi su da sanda suna rerawa, kowa ya ji da kunnensa. In aka samu tangarɗa a wuri ɗaya, 'ya'yan da za a haifa ba su gadon ko tsintsiya, kuma ba sarauniyar da za ta yarda ta haifi ɗan da ba ya gado.

Nasayu kuwa ba shi da lokacin ɓatawa. Shekarunsa talatin da takwas, matarsa ta fari ta rasu ba ta bar masa ɗa ba. Garinsa Yukukisi ɗan ƙaramin gari ne a bisa tsauni, daga masara sai wake sai sanyi, amma ɗan baffansa da ke sarautar kwari ya daɗe yana kallonsa yana haɗiyar yawu. In Nasayu ya mutu ba magaji shi zai gaje garin, kuma kowa ya san abin da yake yi da garuruwan da ya gada, maza su koma dako, mata su koma yi masa saƙa. Ban da wannan ma, in za a faɗi gaskiya, Nasayu son Satuta yake yi. Bazawara ce, tana mulkin Yutakawa da gadon kanta. Sau biyu kacal ya taɓa ganinta, sau ɗaya a jana'iza, sau ɗaya a kasuwa tana raba gardamar masu gishiri, ya dawo gida ya yi ta ba da labarin gardamar har aka gaji da shi. Damina uku manzanninsa suna sauka suna hawa kafin ta ce a kawo littafi.

Da wani wuri dabam ɓeran ya ci, da da sauƙi. Amma tun kafin a haifi Nasayu ake raɗa cewa kakarsa Siwako ba 'yar sarauta ba ce, 'yar masu ginin tukwane ce da kakansa ya gani a bakin rafi hankalinsa ya tafi. Ƙarya ce, kuma daga gidan ɗan baffan nan ta fito. Siwako 'yar sarkin Ciyonduci ce, wani gari mai gida ɗari da 'yan kai, wanda rundunar arewa ta ƙone ƙurmus shekara biyu bayan aurenta, har da littafinsu. Ba abin da ya rage da zai ƙaryata masu raɗa sai shafin nan. Yanzu duk wanda ya ga rami a daidai wurin cewa zai yi ɓeran yana da hannu biyu da wuƙa.

Kimawu ya kira sarki, sarki ya kira gwaggonsa Nyuci, 'yar Siwako ta cikinta, wadda take riƙe da cikin gidan tun rasuwar matarsa. Su uku suka tsaya a kan ramin.

"Cikin kakanni arba'in," in ji Gwaggo Nyuci, "bai ga wadda ta yi masa ba sai uwata. Da ranta an cinye ta da baki, ta mutu kuma an bi ta da haƙori." Ta juya kan Kimawu. "Kai kuma wa ya ce ka ajiye masarar hadaya kusa da littafi?"

"Ranki ya daɗe, shekara talatin a nan nake ajiye ta."

"To ga ladan shekara talatin nan ka samu."

Nasayu ya tsuguna ya shafa bakin ramin. Yana yaro, duk ranar da aka fito da littafi shan iska, kakar takan kama hannunsa ta kawo shi nan, ta ɗora yatsansa a kan wani ɗan tudu da aka zana da ƙwayar wake uku a samansa. "Ka ga garinmu," takan ce. "Yanzu nan kaɗai yake." Sai ta sa shi ya faɗi sunan garin, in ya faɗa daidai ta ba shi zuma a ganye.

"Baba Kimawu," ya ce, "kana tuna shafin?"

"In rufe ido in zana shi, ranka ya daɗe. In na gyara bakin ramin na sa faci, na shafe da farar ƙasa, na mai da zane, na ba shi hayaƙi kwana biyar, ko ni sai na laluba kafin in gane."

"Faci a ɓoye ai ha'inci ne."

"Ha'incin me?" in ji gwaggo. "Abin da ke wurin za a mayar wurinsa. In katangarka ta faɗi ka tayar, sai ka bi gari kana shela? Ɗan nan, je ka da rami ka dawo da rami, sai ka zauna jiran ɗan baffanka ya zo ya zaɓi ɗakin da zai kwana."

Nasayu mutum ne mai gaskiya, amma irin mai gaskiyar nan da bai taɓa karo da ƙaryar da za ta amfane shi ba. Ranar ya yi karo da ita. Ya daɗe yana kallon yatsun ƙafar kakarsa, sannan ya miƙe.

"A yi. Amma abin da ke wurin kawai. Kuma kada a nuna mini, ba na son gani."

Ya ɗauka in bai gani ba hannunsa ya fita. Kwana biyu Kimawu yana sunkuye yana zane, kuma Gwaggo Nyuci, wadda ba ta taɓa damuwa da ko ya ci ko bai ci ba, ta shiga kai masa cinyar talotalo da kanta, tana daɗewa ba ta fito ba. Daga nan aka rataye shafin a rufin madafa, inda hayaƙi ya fi kauri, kusa da barkonon da mata suke busarwa. Da kwana biyar suka cika aka naɗe littafi aka kama hanya.

Tafiyar kwana biyu ce, duk gangara. Mutanen tsauni suka fara tuɓe barguna ɗaya bayan ɗaya, suka wuce gonakin auduga, suka shiga inuwar itatuwan kakawo, suka iso Yutakawa suna zufa suna ƙoƙarin kada a gane zafi ya dame su. Da safe aka karɓi littafinsu aka kai shi cikin gida ya huta kusa da na masu gida, kamar yadda ake yi. Da rana ta ɗaga aka kira taro.

Tsakar gidan ya cika da dattawa a ƙarƙashin rumfa. Satuta tana zaune ita kaɗai a gefe ɗaya na tabarmar sarauta, ɗaya gefen ba kowa, kawunta yana tsaye a bayanta, wani dogon tsoho mai fuskar wanda ba a taɓa ba shi abincin da ya yi masa ba. Nasayu ya gaishe ta, ta amsa.

"Sarkin Yukukisi, ka sha hanya. An ce a garinku sai an fasa ruwa kafin a wanke fuska."

"Ba kullum ba, ranki ya daɗe. Wasu ranakun ba ma wankewa."

Ta kusa yin dariya, ya gani. Ya koma ya zauna yana jin tsoro ya ninka, don yanzu ya san girman abin da zai rasa.

Aka fara da littafin masu gida. Mai zanensu ya daɗe yana rerawa, gari bayan gari, aure bayan aure, ba inda ya yi tuntuɓe. Sannan Kimawu ya tashi da sandarsa. Muryarsa tana da daɗi duk da tsufa, ya fito da sarakunan Yukukisi daga cikin itace ya yi ta saukowa da su, dattawa suna gyaɗa kai. Da aka buɗe ninki na goma sha ɗaya kawun sarauniya ya sunkuyo don ya gani da kyau, sai ya yi atishawa. Ya share hanci ya sake sunkuyowa, ya sake yin wata.

A lokacin ne Nasayu ya kalli shafin karon farko. Aiki ya yi kyau, ba a magana. Ga kakarsa ta dawo wurinta, hannun mijinta ya same ta, wuyanta cike da koren dutsen da ba ta taɓa mallakar rabinsa ba. Amma a gefenta babu tudu mai wake uku. Tambarin babban birnin bakin teku ne a wurin, gidan da sarakuna suke alfahari ko da kuyangarsa suka aura.

Kimawu ya rera sunan birnin, idonsa a ƙasa. Rumfa ta ɗauki guna-gunin mamaki. Wani dattijo ya ce ashe haka ne, ashe mutane ƙarya suke yi. Har fuskar kawu ta ɗan saki. Nasayu ya gane sarai cewa in ya yi shiru na ɗan lokaci kaɗan, sandar Kimawu za ta wuce zuwa ninki na gaba, an gama, Satuta ta zama tasa, Yukukisi ya tsira. Ya so yin shirun ƙwarai, har ya cije leɓe. Amma yatsansa yana jin ɗumin hannun tsohuwar nan. Rundunar arewa ta ƙone garinta, ɓera ya ci abin da ya saura, yanzu jikanta zai zauna a rufe ramin da sunan wasu don ya samu mata. Ya ji kunya irin wadda ba ta barin mutum ya zauna.

"Dakata, Baba Kimawu."

"Zauna, ɗan nan," in ji gwaggo ta bayansa, da murya ƙasa-ƙasa. "Zauna na ce."

Bai zauna ba. "Dattawa, ku gafarce ni. Shafin nan kwanansa tara a duniya. Ɓera ya ci na asali, na ba da izini a sa faci a ɓoye, laifin nawa ne. Kakata ba 'yar bakin teku ba ce. Sunanta Siwako, 'yar sarkin Ciyonduci, garin da aka ƙone. Ba ni da shaidar da zan nuna muku sai bakina."

Kawu ya miƙe tsaye sosai, kamar wanda ya daɗe yana jiran a ba shi wannan dama.

"Littafi mai faci ba shaida ba ne," ya ce. "Mun gode da gaskiyarka, amma ba a gadon sarauta da gaskiyar baki. Ku ci abinci, ku huta, hanya tana jiranku."

Satuta ba ta kalli kawunta ba, ba ta kuma kalli Nasayu ba. Gwaggo Nyuci take kallo.

"Gwaggo, shi bai san da birnin teku ba sai yanzu, na ga haka a fuskarsa. Ke kika sa?"

"Ni na sa." Tsohuwar ta miƙe tana dafa gwiwa. "Shekara sittin ina jin ana ce wa uwata 'yar tukwane. Sau biyu aka zo nemana ina budurwa, sau biyu aka zo kan tudun waken nan aka ce ba a san shi ba, aka naɗe littafi aka tafi. Na tsufa a gidan ubana. Sai na ce tun da za a sake zana ta, bari ko sau ɗaya ta shiga taro a tashi mata tsaye. In laifi ne nawa ne, yaron nan wauta kawai gare shi."

"Kin san kakanninta?"

"Har bakwai."

"Faɗa mana su."

Gwaggo ta fara. Ba muryar mai zane ba ce, muryar tsohuwa ce mai tsagewa, kuma da karin harshen Ciyonduci ta yi, wanda ba wanda ya ƙara jin sa tun mutuwar Siwako. Ta jero su miji da mata, kowa da garin da ya fito, ba ta yi inda-inda ba ko sau ɗaya. Wajen na biyar hawaye suka zubo mata, ta share da bayan hannu ta ci gaba cikin fushi har ta kai ƙarshe.

"Waƙar tsohuwa ba zane ba ce," in ji kawu, amma a hankali.

"Gaskiyarka, Kawu," in ji Satuta. "A kifa namu littafin."

Mai zanensu ya yi turus. Ba a kifa littafin sarauta a gaban baƙi. Ta maimaita, ya kifa. Ta ce wa kawunta ya tsuguna ya bi bayan fatar da yatsa tun daga farko, ya faɗi abin da ya ji. Tsohon ya tsuguna ba da son ransa ba. Yatsansa ya yi tafiya ya tsaya, ya sake tafiya ya sake tsayawa.

"Faci nawa ka ji?" in ji Satuta.

Ya janye hannunsa daga fatar.

"Biyar ne, Kawu. Ina 'yar shekara goma sha biyar na gano su, na tambayi babana, ya ce in je in yi saƙata. A cikin biyar ɗin nan wanne ka san abin da ke ƙarƙashinsa? Ni dai ban san ko ɗaya ba. Nasa faci ɗaya ne, kuma ga mai shi tsaye ya faɗi abin da ke ƙasa, ga 'yar matar ta jero mana bakwai."

Sai yanzu ta juyo ga Nasayu. "Tun da safe da aka shigo da littafinka na ji warin barkono. Littafin da ya shekara ɗari a ɗakin bauta turare yake ƙamshi, ba miya ba. Na bi shi da hanci har na samu shafin. Daga nan na sa a dafa muku guzurin komawa, yana can a ɗaure. Da ka bar tsohon nan ya wuce, da na yaba littafinka a gaban kowa, na sallame ka da kyauta mai kyau, ba ka ƙara ganin fuskata ba."

Kimawu ya rufe fuska da tafin hannu, ba a san ko kunyar ƙaryar yake ji ko ta barkonon ba.

"Ɗan baffansa zai yi magana," in ji kawu. "Zai ce 'ya'yanku ba su da asali."

"Da faci da babu faci zai yi magana, ai bai fasa ba tun da can. Amma yau dattawa arba'in sun ji da kunnensu." Ta nuna shafin. "A kankare birnin teku a mai da tudun wake. A nan tsakar gidan za a yi, da rana tsaka, mai zanensu da namu tare, gwaggo tana zaune tana faɗa musu. In sun gama su zana shi a namu littafin ma, da kakannin nan bakwai. Gari bai kamata ya zauna a littafi ɗaya ba."

Gwaggo Nyuci ta koma ta zauna tana gyara zanen da ba abin da ya same shi.

Satuta ta sa aka kawo tulun kakawo, abin shan sarakuna da ake damawa da 'ya'yan itacen nan, da ƙoƙo biyu. Ta tashi da kanta ta riƙa zuba shi daga sama, daga wannan ƙoƙo zuwa wancan, har kumfa ta taso ta yi tozo. Duk wanda ke rumfar ya san mace mai sarauta ba ta yi wa kowa haka sai wanda zai zauna a ɗaya gefen tabarmarta. Ta miƙa masa da hannu biyu.

Damina uku Nasayu yana tanadin abin da zai faɗa in wannan rana ta zo, magana mai tsawo mai ado, har ya sha gwada ta shi kaɗai a gona. Ko kalma ɗaya ba ta zo ba. Ya karɓi ƙoƙon, kumfa ta zubo masa a yatsu.

"Sha," ta ce, yadda shi kaɗai zai ji. "Mijina na fari shekara goma sha biyu bai taɓa gaya mini abin da ba zan so ji ba, kuma har ya mutu ban san shi ba. Kai na san ka tun yau. Sha kafin kumfar ta kwanta."

Ya kafa kai ya sha. Da ɗaci, kuma ya shanye tas.